Silifas: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu waɗanda kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, yau maganar ƙafa za mu yi, kuma muna roƙo kada ƙanƙantar abin ta sa ku rena shi.

Tun farkon zangon karatun nan muka wayi gari muka tarar an manna wata takarda a allon sanarwa na kowace tsangaya, ɗauke da hatimin hukuma, tana jera irin suturar da aka haramta wa ɗalibi. Sauran abubuwan da ke cikinta mun bar su sai wani jiƙon. Abu na bakwai shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami, domin a nan ne aka ce daga yau an hana sa silifas, watau takalmin soso, a zauren lacca da laburare da ofisoshi da ɗakin jarrabawa, aka kuma ba masu gadi iznin su mayar da duk wanda suka gani da shi. Da farko dariya muka yi, muna zaton doka ce irin waɗanda akan manna yau, iska ta yage gobe. Ashe ba mu san inda za ta kai mu ba.

Ranar jarrabawar tsakiyar zango, wani ɗan'uwanmu da ke shekara ta biyu ya isa ƙofar ɗakin jarrabawa da katinsa da alƙalaminsa, rigarsa wankakkiya, ya kwana yana bita. Mai gadi ya dubi ƙafarsa ya ce ba zai shiga ba. Takalminsa sau-ciki guda ɗaya ne tak a duniya, shi kuwa tafinsa ya ɓalle, yana wurin mai gyara kwana uku domin bai sami kuɗin karɓowa ba. Ya yi magiya, aka ce doka ce. Ya ruga ɗakin kwana ya ari na abokinsa, wanda ya yi masa kaɗan, ya dawo yana ɗingishi, aka ce rabin sa'a ta wuce, wannan ma doka ce. Haka ya tsaya a baranda yana kallon 'yan ajinsu ta taga har suka gama. Makin wannan jarrabawa ya tafi, kuma kowa ya san abin da rashinsa yake jawowa a ƙarshen zango.

A cikin makon nan dai, a ɗakin gwaje-gwaje na sashen kimiyyar sinadarai, mun ga da idonmu ɗalibai suna zuba asid daga kwalba zuwa kwalba, wasunsu sanye da fade na fata mai tsada, wanda bai rufe komai a ƙafarsu ba face igiya biyu. Ba wanda ya ce musu kanzil, domin takardar ba ta ambaci fade ba, silifas kaɗai ta ambata. To, jama'a, ku taya mu dubawa. A ɗakin jarrabawa, inda babu abin da zai faɗo wa mutum a ƙafa sai fensir, an kori ɗalibi saboda yatsunsa suna waje. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa, inda ɗigo ɗaya zai cinye fata har tsoka, an bar yatsu a waje saboda igiyar da ta riƙe su ta fata ce. Wace irin doka ce wannan? Mu dai ba mu ga abin da take aunawa ba sai farashi.

Abin da muke faɗa a taƙaice shi ne, akwai inda silifas ya dace, akwai kuma inda bai dace ba ko kusa, amma ma'aunin da za a raba su da shi shi ne haɗarin da ke jiran ƙafa da irin aikin da ake yi a wurin. Duk dokar da ta bar wannan ma'auni ta koma duban kyan gani, to, talauci take hukuntawa, ko da masu ita ba su nufi haka ba.

Mun ji hujjojin da ake kawowa, kuma ba za mu tsallake ko ɗaya ba.

Ana cewa silifas takalmin banɗaki ne, shiga da shi wurin ilmi rashin mutunci ne, kuma ba al'adarmu ba ce. Muna tambaya, al'adar wa? Buɗaɗɗen takalmi mai hanci tsakanin babban yatsa da na kusa da shi ya girmi kowace jami'a a doron ƙasa. Misirawan dauri suna saƙa shi da ganyen dabino da ciyawar bakin kogi, kuma da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a 1922, irinsa aka tarar a ƙafarsa, na zinariya. A nan gida kuwa, Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa takalman da dukawan Kano suke ɗinkawa suna cikin manyan hajojin da fatake ke ketare Sahara da su zuwa Arewacin Afirka. Waɗannan takalma buɗaɗɗu ne. Da su kakanninmu suka yi fatauci, da su malamai suka je makarantun zaure, da su alƙalai suka tafi majalisa. Takalmin da ya rufe ƙafa ruf da safa a cikinsa, shi ne baƙon da ya zo daga ƙasar sanyi, inda ƙanƙara ke cin yatsu. Yau an wayi gari baƙo ya zama ɗan gida, ɗan gida kuma ana tare shi a bakin ƙofa.

Har ila yau a kan mutunci, mu tuna da alhazai. Namijin da ya ɗaura harami an hana shi takalmin da ya rufe idon sawu, shi ya sa ranar Arfa za ka ga sarki da attajiri da lebura ƙafa a waje, da yawansu da wannan silifas ɗin da ake ƙyama. In har mutum ya isa ya tsaya a can da shi, muna ganin zauren lacca bai fi ƙarfinsa ba.

Kada kuma mu manta cewa wannan ba shi ne karo na farko da masu iko suka sa ido a kan ƙafar talaka ba. Bayan Turawa sun ci ƙasar nan a 1903, dattawanmu sun ba mu labarin yadda mutum kan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a rana yana zuba wa Di'o kirarin zaki, alhali shi Baturen da takalminsa yake shiga ko'ina. Tuɓe takalmi a gaban iyaye da malamai ladabi ne namu na gado, mutum yana yinsa da son ransa. Wancan kuwa alamar ƙasƙanci ce aka mai da shi. Jiya an ce wa talaka tuɓe takalminka kafin ka shigo, yau ana ce wa ɗansa sake takalminka kafin ka shigo. Lafazin ne ya sauya.

Shi silifas na roba da muka sani, asalinsa daga takalmin Japanawa ne da suke kira zori, wanda a da ake saƙawa da karan shinkafa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara yinsa da roba, ya bazu a duniya saboda arha. A ƙasar Barazil wani kamfani ya fito da samfurin Havaianas a 1962, ya zama takalmin leburori da masu aikatau, har a shekarun 1980 gwamnatin ƙasar ta sa shi cikin jerin kayan masarufin da take ƙayyade farashinsu, tare da shinkafa da wake. Daga baya kamfanin ya sake masa launi, ya tsauwala kuɗi, ya kai shi manyan kantunan Turai. Nan da nan abin kunyar jiya ya zama ado, masu kuɗi suna taƙama da shi. Robar ba ta sake ba, hancin bai sake ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ba takalmin ake ƙyama ba, mai shi ake ƙyama.

Ana kuma cewa jami'a tana shirya mu ne domin aikin ofis, gara mu saba tun yanzu. Madalla. Amma wane ofis, a wace ƙasa? A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, mu ɗari huɗu a zauren da aka gina domin mutum ɗari da hamsin, fanka ba ta juyawa saboda ba wuta. Wanda ya ce lalle sai mun cusa ƙafa cikin fata da safa a wannan hali, ya zo ya zauna a tsakiyarmu sa'a biyu, sa'an nan ya gaya mana wanne ya fi damun jama'a. Mun gāji wata ɗabi'a ta riƙe abin da Turawa suka bar mana fiye da yadda su kansu suka riƙe shi. A Ingila alƙalan shari'un da ba na laifi ba sun ajiye hular gashi tun 2008, mu kuwa muka ci gaba da ɗora ta a ƙarƙashin ranar bazara. Mun kuma gwada gyaran hali ta hanyar bulala a 1984, zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, lokacin da soja suka sa ma'aikata tsallen kwaɗo saboda makara. An sha rana, an yi layi, amma bayan shekaru arba'in muna nan muna kuka da cututtukan da aka ce za a warkar. Tarbiyyar da ta tsaya a kan abin da ido ke gani ba ta daɗewa.

Ko a ƙasashen da ake kwatanta mana, abin bai kai haka ba. A watan Yuli na 2005 'yan matan wata ƙungiyar wasa ta Jami'ar Northwestern suka je fadar shugaban Amurka karɓar yabo, wasunsu sanye da silifas, aka ɗauke su hoto tare da Shugaba George Bush. Jaridu suka yi ta surutu, iyaye suka yi faɗa, amma ba wanda ya tare su a ƙofa. A Indiya kuwa, Mamata Banerjee, wadda ta zama shugabar gwamnatin Jihar Bengal ta Yamma a 2011, an san ta da farin silifas na roba, da shi ta yi yaƙin neman zaɓe, da shi ta shiga ofis. Ɗan'uwanmu da aka kora bai nemi ganin shugaban ƙasa ba. Takarda ya zo rubutawa.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa takalmi sau-ciki ai ba wani kuɗi ba ne, kowa zai iya saye. Mai faɗin haka bai san ɗakin da muke kwana ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, jami'o'i da dama suka ninka kuɗin rajista. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 Naira 70,000 ne, daga ciki ne uba zai ciyar da gida ya kuma aiko wa ɗansa. Lamunin karatu da aka fara a 2024 ya yanka wa ɗalibi Naira 20,000 a wata, ga wanda ya samu ke nan. A cikin wannan ne za a ci, a sha, a buga takardun lacca, a sayi sabulu. Akwai a cikinmu masu cin abinci sau ɗaya a yini. In aka ce wa irin wannan ya zaɓa tsakanin kwanon gari da takalmi, mun san abin da zai zaɓa, kuma mun san ya yi daidai. Silifas da masana'antun Kano suke bugawa a Sharaɗa da Calawa shi ne takalmin da ke hannun kowa. In hancinsa ya fita a soke shi da ƙusa ko a ɗaure da waya, a ci gaba da tafiya.

Ba kuma arha ce kaɗai falalarsa ba. Duk wanda ya san banɗakunan ɗakunan kwananmu, da ruwan da ke kwance a cikinsu dare da rana, ya san silifas ne kaɗai ke tsakanin tafin ƙafarsa da cuta. Akwai tsutsar ciki mai shan jini wadda take shiga jiki ta fatar ƙafa idan an taka ƙasar da ƙazanta ta gurɓata, kuma wannan 'yar robar ta tsare miliyoyin yaran karkara daga gare ta. Mai alwala sau biyar a yini shi ma ya san amfaninsa. Saboda haka a banɗaki, da wurin alwala, da ɗakin kwana, da tsakar gida, da kasuwa, da zauren lacca, da laburare, da ɗakin jarrabawa, ba mu ga wanda silifas ya cuta ba.

To, amma laifi tudu ne, kuma ba za mu taka namu mu hango na hukuma kaɗai ba. Yanzu da ku muke, 'yan'uwa. Akwai wuraren da shiga da silifas wauta ce tsantsa, kuma da yawa daga cikinmu suna yinta kullum suna kiranta 'yanci.

Na farko ɗakin gwaje-gwaje. Asid ba ya tambayar ko kai ɗan gwagwarmaya ne, fasasshiyar kwalba ba ta san kana da hujja ba. Haka ma'aikatar injiniyoyi, inda tartsatsin walda ke tashi, ƙarfe mai nauyi ke suɓucewa daga hannu. Haka ɗakunan marasa lafiya ga ɗaliban likitanci da na jinya, inda allurar da aka yi wa mai ciwon hanta za ta iya faɗowa ta tsaya a bayan ƙafa. Haka kicin, inda ake juye tafasasshen mai. A duk waɗannan wurare rufaffen takalmi tilas ne, kuma tilas ɗin ya hau kan mai silifas da mai fade, ɗalibi da farfesa.

Na biyu gona da daji. Ɗaliban aikin gona da masu zuwa binciken ƙasa su tambayi mutanen Kaltungo a Jihar Gombe, inda akwai asibiti sukutum domin saran maciji, su ji abin da kububuwa take yi wa manoma lokacin shuka da lokacin girbi. Yawancin saran a ƙafa yake sauka, daga idon sawu zuwa ƙasa, watau daidai inda silifas ya bari a buɗe. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci a 2017. Mai shiga ciyawa da silifas da magariba, da hannunsa ya sa kansa.

Na uku tuƙi. Silifas ba ya riƙe diddige. Yakan zame daga kan birki, ko ya naɗe a ƙarƙashin totur daidai lokacin da yaro ya gitta. A kan babur kuwa, salansa tana ƙona ƙafa, kuma in aka faɗi, abu na farko da kwalta ke ci shi ne yatsu. A nan ba ranka kaɗai ka ɗauka ba, har da na wanda ka goya da na mai tafiya a gefen titi.

Na huɗu doguwar tafiya da hawan dutse. Masu bincike a Jami'ar Auburn ta Amurka sun nuna a 2008 cewa mai silifas yana taƙaita takunsa, yana kuma ƙanƙame takalmin da yatsu don kada ya fita, abin da ke gajiyar da ƙafa in tafiya ta yi nisa. A ƙasar Italiya, hukumar gandun Cinkwe Tere ta sanar a 2019 cewa za ta ci tarar masu hawan tsaunukanta da silifas daga Yuro 50 har zuwa 2,500, saboda ta gaji da aika masu ceto su ɗauko waɗanda suka zame. Ku lura da kyau: a cikin gari da bakin teku ba ta hana kowa ba, a kan dutse ta hana. Wannan ita ce doka mai hankali, domin ta dubi inda haɗari yake.

Na biyar ya shafi iyayenmu masu ciwon sukari. Ciwon yakan kashe jin ƙafa, har hancin silifas ya yi wa mutum rauni tsakanin yatsu, ko ƙaya ta shige shi, bai sani ba sai gyambo ya kafu, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafa. Likitoci suna horon irin waɗannan da rufaffen takalmi mai laushi. In mun koma gida hutu, wannan yana cikin ilmin da ya kamata mu kai musu.

Wanda bai ji bari ba a waɗannan wurare, ya ji hoho, kuma ƙungiyar ɗalibai ba za ta ɗaga masa kwali ba.

Akwai kuma wuraren da ba haɗari, sai dai ladabi. In an kira ka ganawar neman aiki, ko za ka tsaya gaban alƙali, ko za ka gaida surukai, ko ranar bikin yaye ɗalibai, ka sa mafi kyawun abin da kake da shi, domin girmama wanda za ka gani da ranar da kake ciki. In kuwa silifas ne mafi kyawun abin da kake da shi, ka wanke shi tas, ka tafi kanka a sama. Muna kuma jan kunnen masu jan ƙafa a laburare suna fat-fat-fat kamar ana sussuka, da masu fitowa daga banɗaki su zarce ɗakin cin abinci da takalmin da suka shiga da shi, ƙafa duk faso da kaushi ba wanki ba mai. Talauci ba ƙazanta ba ne. Wanda ya iya, ya ware na banɗaki dabam, na fita dabam. Amma duk wannan nasiha ce tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa, ba hukuncin da za a damƙa wa mai gadi ba.

Ku kuma yayyenmu na ofisoshi, mun san sirrinku. Da safe kuna shiga da takalmi yana ƙyalli, da kun zauna ku tura shi ƙarƙashin tebur ku jawo silifas, da shi za ku yini har a tashi. Ba mu ga laifinku ba, zafi ne, ga alwala. Abin da muke roƙo shi ne ku tuna da wannan idan tsohon da ya zo bin haƙƙinsa na fansho ya tsaya a gabanku da silifas ƙafa ɗaya shuɗi ƙafa ɗaya ja, ko bazawarar da ta zo daga ƙauye da takardar fili a ƙulle a bakin zane. Sau nawa masinja yake duban ƙafar mutum kafin ya yanke ko Oga yana nan ko ba ya nan? Sau nawa mai takalmin Italiya yake wucewa kai tsaye, mai soso ya yini a benci? Ɗalibin da aka koya wa yau cewa ana auna mutum daga ƙafa, shi ne jami'in da zai yi wannan awon gobe. Abin da ya fi ba mu tsoro a dokar nan ke nan: darasi ce, kuma ana koyonta da sauri fiye da abin da ke cikin manhaja. Harajin mai silifas ne ya gina ofishin, shi ya gina jami'ar, shi yake biyan albashin mai gadin da ke korarsa.

Saboda haka muna gabatar wa hukuma buƙatunmu a fili, cikin ladabi, ba tare da kwana-kwana ba.

Na ɗaya, a soke abu na bakwai dangane da zauren lacca da laburare da ofisoshi da ɗakin jarrabawa.

Na biyu, a maye gurbinsa da doka mai ƙarfi wadda za ta wajabta rufaffen takalmi a ɗakunan gwaje-gwaje da ma'aikatu da asibiti da gonar jami'a, a kan kowa da kowa, ba sani ba sabo, kuma malamin da ke kula da wurin shi zai tsare ta, domin shi ya san haɗarin.

Na uku, tun da muna biyan kuɗin ɗakin gwaje-gwaje kowace shekara, a sayi dogayen takalma daga ciki a ajiye domin aro ga wanda ba shi da hali. Wannan ba baƙon abu ba ne: hukumar bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, da ta wajabta wa matasa takalmin fareti, ita take raba musu shi. Wanda ya wajabta abu domin amfanin aiki, shi ya kamata ya samar da shi.

Na huɗu, a ba ɗan'uwanmu dama ya rubuta jarrabawar da aka hana shi, shi da duk wanda irin haka ta faɗa wa.

Na biyar, daga yau kada a sake hana ɗalibi jarrabawa saboda sutura. In akwai magana, a bar shi ya rubuta, a yi ta daga baya. Kada kuma a sake tsara dokar da ta shafi jikinmu ba tare da wakilin ƙungiyar ɗalibai yana zaune ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun san a cikin waɗanda suka rubuta takardar nan akwai malamanmu da suka zo jami'a daga ƙauye da akwatin ƙarfe a ka da takalmin taya a ƙafa, kuma ba a kore su ba, shi ya sa yau suke kan kujerun da suke. Muna roƙonsu su tuna. Idan ana neman abin da ke zubar da mutuncin jami'a, ga famfunan da suka bushe, ga zaurukan da ɗalibai ke ɗaukar lacca ta taga, ga sakamakon jarrabawa da ke kwana wata shida a aljihun tebur. Jakin ke nan, yana tsaye kowa na ganinsa. A bar taiki ya huta.

Za mu kai waɗannan buƙatu gaban majalisar ɗalibai a zamanta mai zuwa, kuma muna kira ga kowa ya halarta, mai sau-ciki da mai fade da mai soso. A ƙofar wannan zaure ba mai duban ƙafar kowa.